Giyar da Ke Ƙarƙashin Motar Kahu

Har gobe ban manta da wata ranar Laraba ba, cikin tsakiyar damina, shekara uku ke nan, ranar da aka kira ni Kahu don in faɗi wace irin giya ce a cikin wata mota. Ku da kuke cikin sana'ar nan ta kanikanci za ku ce ai wannan ba aiki ba ne, abin minti goma ne. Ni ma haka na ɗauka lokacin da na tayar da babur daga Rano. Sai da na isa na tarar da fili cike da mutane, ga ɗan sanda a kan benci, ga wani bakanike ɗan'uwanmu zaune a ƙasa ba hula, sannan na gane cewa amsar da zan bayar ita za ta nuna inda mutumin nan zai kwana.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Isyaku. Shekarata ashirin da shida ina kanikanci, goma sha ɗaya daga ciki a kan giyar otomatik kaɗai, wato giyar da ke canza kanta ba sai direba ya taka kuloci ba. A ƙungiyarmu ta kanikawa muna da wani tsari. Idan rigima ta tashi tsakanin mai mota da bakanike, kafin magana ta kai kotu, ciyaman yakan roƙa a bar ƙungiya ta aiko mai duba. Mai duban nan ba zai fito daga garin wanda ake zargi ba, kuma ba ubangidansa ba ne, ba wanda ya koya a hannunsa ba. Ba ya kwance ko da noti ɗaya sai a gaban ɓangarorin biyu. Abin da ya gani kuwa a wurin zai faɗe shi kowa na ji, daga baya ya rubuta ya sa hannu.

Da hantsi ciyamanmu, Alhaji Ɗanlami, ya kira ni a waya. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Isyaku, ajiye abin da kake yi. Ɗauko tocila da madubi ka same ni a Kahu, makarantar Malam Hadi. Sabi'u na Kibiya ne aka tsare."

Na ce, "Me ya yi, Ciyaman?"

Ya ce, "Wai ya sace giyabos. Kai dai ka yi sauri."

Ga yadda abin ya faro. Shekara huɗu kafin nan mutanen Kahu suka haɗa hannu suka sayi wata ƙaramar bas 'yar Kwatano. Suka cire kujerun baya, suka shimfiɗa katifa, ta zama motar kai marasa lafiya da masu naƙuda asibiti. Aka kafa mata kwamiti, aka ba Malam Hadi shugabanci, domin shi ne malamin da kusan duk magidantan garin suka yi karatu a gabansa. Direbanta kuwa wani ne mai suna Tasi'u, shi ke riƙe da ita tun ranar farko.

Mako biyu kafin wannan Larabar, an kai motar garejin Sabi'u a Kibiya don sabis. Ta kwana biyu a wajensa, saboda yana jiran kayan birki daga Kano. Ranar Asabar da rana naƙuda ta tsananta wa matar wani manomi mai suna Haruna, aka ɗauko ta. Suna cikin tafiya, a wani ɗan hawa, inji ya kama kuka amma mota ta ƙi gaba. Sun fi awa guda a bakin hanya ana ruwa kafin a sami wata akori-kura ta ɗauke su. Allah ya tashi kafaɗun matar, amma ɗan bai zo da rai ba.

Bayan kwana biyu Tasi'u ya ɗauki hoton farantin bayanan motar da ke jikin ƙofa da hoton ƙarƙashinta ya tura wa wani mai sayar da kayan gyara a Kano. Mutumin ya ce masa, faranti ya nuna giya mai hawa huɗu, irin mai ƙwarin nan da ake rububinta a kasuwa, amma wadda ke hoton ba ita ba ce, an canza musu. Kafin magariba zance ya gama gari: Sabi'u ya cire ta kirki ya sa musu ruɓaɓɓiya, shi ya sa ya riƙe mota kwana biyu.

Motar tana ajiye a filin makaranta, ƙarƙashin wata darbejiya, inda aka jawo ta da tarakta. An sallami ɗalibai tun da safe. Dattawa suna kan tabarmi tare da Malam Hadi, samari suna tsaye daga baya, wasu da sanduna a hannu kamar waɗanda suka biyo daga gona, amma ba wanda ya yarda daga gonar suke. Ciyaman ya nuna min Haruna da ido. Yana zaune shi kaɗai a kan wani dutse, ya zuba wa motar ido.

Na durƙusa na gaishe da Malam. Ya ce, "Kai ne mai duban?"

Na ce, "Ni ne, Allah ya gafarta Malam."

"Akwai wani abu tsakaninka da Sabi'u?"

"Gaisuwa ce kawai in mun haɗu a taro."

Ya ce, "To, ba mu nemi ka faranta wa kowa ba. Abin da idonka ya gani za ka gaya mana."

Ɗan sandan da ke kan benci, wani saje, ya yafuto ni da hannu. Ya ce a hankali, "Oga, ni umarnin da aka ba ni in tafi da shi. Malam ne ya roƙa a jira ka. Na ba ka zuwa la'asar. Kuma ka ga mutanen nan, ni kaɗai ne a nan. Ka san yadda za ka riƙa fitar da magana."

Na fara da inda kowane bakanike ke farawa, wato faranti. Wani ɗan ƙarfe ne da kamfani ke mannawa a jikin ƙofar direba, ɗauke da lambar shasi, da irin injin, da irin giyar da aka sa wa mota ranar da ta fito daga masana'anta. Na goge shi da tsumma na karanta. Mai kayan gyaran bai yi ƙarya ba.

Na ce, "Faranti ya ce giya mai hawa huɗu."

Sai na ji gunaguni ya tashi daga baya. Na yi kamar ban ji ba. Muka ɗaga gaban motar da jak, na sa aka kawo guntayen katako aka tokare ta, domin ƙasa ta jiƙe. Na shimfiɗa kwali na shige da tocila.

Giya mai hawa huɗu ta irin wannan mota na san ta kamar tafin hannuna. Kwanon manta na ƙasa dogo ne, da ɗan lanƙwasa a kusurwa guda. Wanda ke saman fuskata kuwa gajere ne mai faɗi. Na ƙirga kusoshinsa sau biyu, ba su zo daidai ba. Na laluba soket ɗin wayoyi, na same shi a wani gefe daban, kuma ya fi wanda na sani girma. Tun a nan na fara zargin ba ita ba ce. Na nemi lambar da ake bugawa a jikin giyabos ɗin kansa, wato akwatin giyar, na tarar laka ta rufe ta, ta bushe ta yi tauri kamar siminti. Kafin in taɓa sai na fito, na roƙi Saje da mutum ɗaya daga kwamiti su leƙa su ga yadda wurin yake. Suka leƙa. Sannan na sa fetur da burushin ƙarfe na kankare.

Da lambar ta fito, shakka ta ƙare. Giya mai bel ce. Ga waɗanda ba 'yan sana'a ba, ita wannan ba ta da hawa na ɗaya da na biyu da na uku. Wani bel ne na ƙarfe ke yawo tsakanin wasu gurabe biyu masu matsewa da buɗewa, mota ta riƙa ƙara gudu ba tare da an ji canji ba. Tana da daɗin tuƙi, amma ba ta da haƙuri, kuma a kasuwarmu ba a darajanta ta.

Na daɗe kwance a wurin fiye da yadda aikin ke bukata. Ina ganin ƙafafun mutane sun matso sun kewaye motar. Na san abin da zai biyo bayan maganata, amma ƙa'ida ita ce ka faɗi abu a lokacin da ka gan shi. Na fito na miƙe.

Na ce, "Giyar da ke cikin motar nan ba ita ce wadda faranti ya faɗa ba."

Wuri ya kaure. Wani ya ce, "To me ake jira?" Wani saurayi, ashe ƙanen Haruna ne, ya ratso mutane ya nufi Sabi'u. Saje ya yi wuf ya tsaya tsakaninsu, hannunsa ɗaya a kan ankwa. Sabi'u ya ɗago kai ya dube ni.

Ya ce, "Oga Isyaku, wallahi tallahi ban taɓa ta ba. Ina da 'ya'ya biyar, me zan yi da giyar motar asibiti?"

Na ɗaga murya iya ƙarfina na ce, "Ban gama ba! An tambaye ni wace giya ce, na faɗa. Ba a tambaye ni yaushe aka sa ta ba tukuna."

Ba wanda ya saurare ni sai da Malam Hadi ya buga sandarsa a ƙasa. Bai yi tsawa ba. Ya kira sunan saurayin, ya ce, "Koma inda kake." Ya koma, amma bai ajiye sandar hannunsa ba.

Na ce a kira min direba. Tasi'u ya matso yana hararata, don a ganinsa na zo ne in kare ɗan ƙungiya.

Na ce, "Malam Tasi'u, kafin wannan ka taɓa tuƙa mota mai otomatik?"

"Na tuƙa. Shekara uku ina jan ta wani Alhaji a Madachi."

"In ka taso da ita daga tsaye, yaya take yi?"

"Yadda kowace ke yi mana. Ta ja, ta ɗan yi tsalle ta canza, ta sake ja, ta canza."

"To wannan fa?"

Ya ce, "Ai wannan ba ta yin haka. Sumul take tafiya, ko ruwa ka ɗora a kofi ba zai zube ba. Shi ya sa ma muka ce ta dace da marasa lafiya."

Na ce, "Tun yaushe take haka?"

"Tun ranar da aka kawo…"

Bai ƙarasa ba. Ya tsaya da baki buɗe, ya dubi motar, ya dubi Sabi'u. Na juya ga dattawa na yi musu bayani cewa giya mai hawa huɗu dole a ji canjinta, wadda ba a jin canjinta ita ce mai bel. In dai tun farko haka motar take tafiya, to tun farko wannan giyar ce a cikinta.

Wani daga cikin 'yan kwamiti ya ce, "Wannan ai zance ne. Direba yana iya mantawa. Mu abin da za mu gani da ido muke so."

Gaskiyarsa, kuma ni ma ban gamsu in tsaya a nan ba. Na buɗe bonet na nuna musu kusoshin da suka haɗa inji da giyabos. Duk kusar da aka sa wa sifana cikin mako biyu, kanta zai yi haske, gefenta ya ɗan goge. Waɗannan tsatsa ta game su da jikin ƙarfe, jar ƙasar hanyarsu ta shekaru ta cike ramukan. Wasu suka gyaɗa kai, wasu suka ce ai ɓarawo ya san yadda zai shafa laka.

Ina cikin haska tocila sai na hango wani ɗan rawaya a bayan inji. Na goge, sai ga lamba da aka rubuta da fenti da hannu, arba'in da bakwai, da wani rubutu irin na mutanen da suka ƙera motar a gefenta. Na koma ƙasa na goge saman giyabos, inda hannu ke shiga da ƙyar, na sa madubi. Arba'in da bakwai, fenti ɗaya, hannu ɗaya. Na kwance murfin da ke ƙasan kujerar gaba na fito da kwamfutar motar, wadda muke ce wa birenbos. Ita ma arba'in da bakwai.

Na san wannan alamar. A ƙasashen waje, idan mota ta yi hatsari ko ta tsufa, sukan yanke gabanta gaba ɗaya, inji da giya da wayoyi da birenbos, su sa wa kowane lamba guda don kada su ɓace wa juna, su turo mana. Shi ne 'yan kasuwa ke kira hafkot. Dillalai a bakin teku sukan sayi mota mai mataccen inji, su zuba mata irin wannan, su wanke ta, su sayar. Faranti kuwa yana nan a ƙofa yana faɗin abin da ya sani tun daga masana'anta.

Mutumin nan na kwamiti ya sake cewa, "To wa ya ce ba Sabi'u ne ya canza su duka ukun ba?"

Na juya ga Malam na ce, "Allah ya gafarta Malam, ina takardun motar? Na ranar da aka yi mata rajista."

Malam ya aika gida. Minti goma da aka yi ana jira sun fi min awa. Hadari ya soma haɗowa ta gabas, Saje yana ta duba agogo. Abin da nake tsoro shi ne, sau da yawa masu cika takarda ba sa duba jikin inji, daga takardar shigowa suke kwafe lamba. In haka aka yi a nan, takarda za ta nuna tsohon inji, ni kuma da hannuna na ƙara wa Sabi'u laifin satar inji a kan na giya. Na san da wannan kafin in nemi takardun. Ba ni da wata hanya ce.

Aka kawo su cikin leda. Malam ya sa tabarau, Saje ya tsaya a kafaɗarsa. Lambar inji tana can ƙasa, a wani lungu kusa da bututun hayaƙi. Na zura madubi, ina karantawa a juye, ina faɗa ɗaya bayan ɗaya, Malam yana amsawa da "Na'am." Har muka zo ta biyun ƙarshe, tsatsa ta cinye ta. Ko uku ce ko takwas, ban iya rabewa ba.

Saje ya ce, "Faɗi mana."

Na ce, "Ba zan yi cinta ba, Yallaɓai. A samo min alli."

Aka ɗauko alli daga aji. Na goga a wurin, na share sama da yatsa, farin ya zauna cikin ramin lambar. Na duba sau biyu.

Na ce, "Takwas."

Malam ya bi takarda da yatsa. Sannan ya ce, "Takwas." Na faɗi ta ƙarshe, ya amsa. Ya cire tabarau ya ce wa jama'a, "Injin da ke cikin motar nan shi ne a takardar da aka ba mu shekara huɗu da suka wuce. Lambar fentin da ke jikinsa ita ce a jikin giya. Haka muka saye ta. Bawan Allahn nan bai ɗauki komai ba."

Sabi'u ya kifa goshinsa a ƙasa yana kuka. Samari suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ciyaman ya damƙi hannuna yana girgizawa. Daidai nan aka kira sallar azahar.

Ni kuwa ban ji sanyi ba. Tun lokacin da na buɗe bonet na zaro sandar awon man giya, na shafa a yatsa, na mayar ban ce komai ba. Man ja ne, yana ƙaurin ƙuna, da ƙyalƙyalin garin ƙarfe a ciki. Jan mai na giya mai hawa ne. Giya mai bel tana da nata man daban, in ka zuba mata ja, bel ɗin zai riƙa zamewa yana cin kansa har ya daina riƙo.

Ashe Ciyaman ya ga lokacin da na shinshina yatsana. Muna alwala ya matso kusa da ni ya ce, "Isyaku, an tambaye ka wace giya ce, ka faɗa. An tambaye ka yaushe aka sa ta, ka faɗa. Aikinka ya ƙare."

Na ce, "Ciyaman, Malam zai tambayi abin da ya kashe ta."

"Ka ce tsufa. Ƙarya ne?"

"Ba ƙarya ba ne, amma ba shi ke nan ba."

Ya ce, "Ka ga sandunan nan da idonka. Da ƙyar muka fito da yaron nan daga rami, kai kuma ka mayar da shi? Akwai gawa a cikin maganar nan fa."

Na yi sallar nan, amma Allah ya sani ban san surar da na karanta ba. Ana sallamewa na ja Sabi'u bayan aji.

Na ce, "Wane mai ka zuba?"

Ya ce, "Ja, Oga. Wanda faranti ya nuna."

"Ka duba jikin giyar?"

"Na shiga na kwance notin tsiyaya kawai. Man da ya fito baƙi ƙirin ne, ba a gane launinsa." Sai ya tsaya. Na ga lokacin da abin ya sauka a kansa, ya dafa bango. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Oga, ni ne ke nan?"

Na ce, "Ban ce kai kaɗai ba ne. Amma in Malam ya tambaya, ba zan ɓoye ba. Na fi son a ji daga bakinka."

Muka koma ban san abin da zai yi ba.

Aka sake zama, mutane sun ragu amma Haruna da ƙanensa suna nan. Saje har ya sa hularsa zai tafi. Malam ya yi min godiya, sannan ya ce, "Saura abu ɗaya. In ba a canza ta ba, me ya tsayar da ita ranar Asabar?"

Ciyaman ya kafe ni da ido. Na buɗe baki ke nan sai Sabi'u ya miƙe.

Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni zan faɗa. Man da na zuba ba nata ba ne. Na karanta faranti na yarda da shi, ban duba abin da ke ƙasa ba. Ban yi sata ba, amma wannan ni na yi."

Ba a yi ihu irin na farko ba. Saje ya cire hular ya koma ya zauna. Ƙanen Haruna ya yunƙura, yayansa ya riƙe masa riga ba tare da ya dube shi ba. Sannan Haruna ya taso, karo na farko tun da na zo. Bai nufi Sabi'u ba, ni ya nufo.

Ya ce, "Oga, tsakaninka da Allah. Da bai zuba man nan ba, da motar ta kai mu?"

Na ce, "Malam Haruna, ban sani ba. Shekara huɗu ba a taɓa canza mata mai ba, bel ɗin ya riga ya ci. Da tana iya ƙara shekara, da kuma tana iya tsayawa a wannan hawan ko da ba a taɓa ta ba. Abin da na sani shi ne man ya gaggauta mutuwarta. Fiye da haka in na faɗa maka, na yi ƙarya."

Sai ya juya ga Sabi'u.

"Da gangan ka yi?"

"Wallahi a'a."

Haruna ya ce, "Kwana biyu ina roƙon Allah ya saka min a kan ɓarawo. Yanzu ban san me zan roƙa ba." Ya dubi Saje ya ce, "Yallaɓai, ni ba ni da ƙara." Ya sake duban Sabi'u. "Amma kada ka zo min gaisuwa. Ba zan iya kallonka a ƙofar gidana ba tukuna."

Ya kama hannun ƙanensa suka fita daga filin. Ruwa ya sauko muna tattara kaya.

Na rubuta rahotona a ajin makarantar, na sa duka biyun a ciki, rashin satar da kuskuren man. Ƙungiya ta hana Sabi'u taɓa giyar otomatik har wata shida, kuma a cikin watannin nan kowace Litinin da Alhamis yakan hau babur daga Kibiya ya zo garejina, magidanci da shi, ya zauna tare da masu koyo. Shi da kansa ya roƙi kwamiti a bar shi ya sa hannu wajen ɗora wata giyar, Malam ya yarda bisa sharaɗin ina tsaye. Da muka gama na rubuta irin giyar da irin manta da farin fenti a cikin bonet, manya-manya, don duk wanda zai buɗe bayanmu.

Ciyaman ya yi kusan wata biyu ba ya amsa gaisuwata da daɗi. Sabi'u ya rasa masu kawo masa aiki da yawa, kuma har yau akwai waɗanda labarin satar kawai suka ji, ba su ji ƙarshensa ba. An ce min bayan shekara guda shi da Haruna sun haɗu a wajen wata jana'iza a Kibiya sun yi musabaha. Ban gani da idona ba, don haka ba zan tabbatar muku ba.

Abin da na ɗauka daga ranar nan game da aiki ba shi da yawa. Motocin da ke zuwa hannunmu sun bi hannaye da dama kafin su iso Rano, kowa ya cire ya sa. Faranti yana gaya maka yadda mota ta fito daga masana'anta ne kawai. Sabi'u bakanike ne mai kyau, ya fi wasunmu tsabtar aiki, minti biyar na leƙawa da tocila ne bai yi ba. Shi ya sa kuke ganin ina yi muku faɗa in na ga mutum ya buɗe galan ɗin mai bayansa bai taɓa ƙasa ba.

Game da mutane kuwa, na tafi Kahu ina tsoron masu sanduna, ina ganin in aka gaya musu gaskiya duka za su yi kisa. Amma wanda ya fi kowa hakkin yin fushi a filin nan, shi ne ya tambaye ni tsakanina da Allah, ya ji amsar da ba ta yi masa daɗi ba, ya riƙe rigar ƙanensa. Da na bi shawarar in ce tsufa ne kawai, da na raina mutumin nan a ranar da ya fi mu duka girma. Don haka idan wata rana ƙungiya ta aike ku duba, ku karanta abin da ke jikin ƙarfe har lamba ta ƙarshe, ku faɗe shi duka, inda kuma ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba.